Famfon Ayon ko Famfon Turbo: Wanne Ya Dace da Ɗakin Gwajinku?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sayen kayan ɗakin gwajin da ke aiki da bakiyum mai zurfi, wato sararin da aka kwashe wa iska har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa ba, zai tarar da famfuna biyu a gabansa: famfon ayon da famfon turbo. Takardun masu sayarwa sukan jera su kafaɗa da kafaɗa, a rubuta litar iska nawa kowanne ke ja a daƙiƙa da kuma iyakar matsin da yake iya kaiwa, har mai saye ya ɗauka cewa aiki ɗaya suke yi, farashi ne kawai ya bambanta su. A ganina wannan jerin lambobi shi ne ya fi ɓatar da mutane, domin ainihin bambancin yana cikin inda iskar take zuwa bayan famfon ya kama ta. Turbo kwata ce da ke fitar da ruwa waje, shi kuwa famfon ayon rami ne da aka haƙa a tsakar gida, yana shanyewa a hankali, kuma wata rana zai cika.

Sai an san girman aikin kafin a auna ma'aikatan. Matsin iska a bakin teku milibar 1013 ne, kuma a irin wannan matsi ƙwayar iska ba ta tafiyar da ta kai kaurin gashi kafin ta yi karo da wata. Idan aka sauke matsin zuwa 10⁻⁶ milibar, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milibar guda, ƙwayar za ta yi tafiyar mita sittin da wani abu ba ta haɗu da 'yar'uwarta ba, sai dai ta bugi bangon tanki ta dawo. A nan babu sauran batun tsotso, tun da babu iskar da ke tura iska. Famfo yana zaune ne yana jiran ƙwayar da ta faɗo bakinsa da kanta, aikinsa kuma shi ne ya hana ta komawa. Dalilin da ya sa ake neman sauka ƙasa da haka shi ne tsabta: a matsin 10⁻⁶ milibar daƙiƙu kaɗan sun isa iska ta lulluɓe fuskar ƙarfen da aka goge, amma a 10⁻¹⁰ mai bincike yana da awoyi kafin hakan ta faru.

Famfon ayon ya fito ne daga kamfanin Varian da ke Kalifoniya a Amurka a shekarar 1957, a hannun Lewis Hall da John Helmer da Robert Jepsen, lokacin da kamfanin ke neman hanyar kwashe iska daga bututun na'urorin rada ba tare da tururin mai ya gurɓata su ba. Sun gina shi a kan dabarar da Frans Penning na ƙasar Holan ya yi amfani da ita a 1937 wajen ƙera ma'aunin matsi. Wanda ya buɗe cikinsa zai yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Jerin gajerun bututu ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, an manna su gefe da gefe, kowanne faɗinsa santimita biyu ko makamancin haka, sannan faranti biyu na titaniyam, ɗaya a gabansu ɗaya a bayansu, ba tare da sun taɓa su ba. A waje kuma akwai manyan maganaɗisu masu ƙarfin da ya ɗan haura tesla 0.1 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Babu injin juyawa, babu boris, babu mai, babu abin da ke juyawa.

Ana ɗora wa bututun wuta mai ƙarfin bolt 3,000 zuwa 7,000. Ilektoron da ke cikin kowane bututu suna son su isa jikinsa, amma maganaɗisu ya tilasta musu kewayawa, sai su yi ta murɗawa a tsakiya na dogon lokaci, kuma wannan doguwar tafiya ce ke ba su damar cin karo da ƙwayar iska duk da ƙarancinta. Da zarar an yi karon, ƙwayar ta rasa ilektoron ɗaya ta zama ayon, wutar kuma ta cilla ta da ƙarfi kan farantin titaniyam. Bugun yana yin abu biyu. Wani lokaci ayon ɗin ya nutse cikin farantin, sannan kuma ya fantsalo ƙwayoyin titaniyam su je su manne a bango da jikin bututun. Sabon titaniyam da bai taɓa haɗuwa da komai ba yana kama oksijin da naitirojin da kabon monoksaid nan take, ya mayar da su daskararren abu da ba ya komawa iska. Haidurojin kuwa ratsa farantin yake yi ya zauna a cikinsa. Idan aka ciro farantin famfon da ya daɗe yana aiki, za a ga ramuka a jere a fuskarsa, kowane rami daidai da tsakiyar bututun da ke fuskantarsa, wani ma ya huda ya fita ta baya, bangon kuma ya yi ɓawo mai toka-toka yana ɓanɓarowa.

Waɗannan ramuka su ne lissafin da ya kamata mai saye ya yi kafin komai. Yawan ayon da ke bugun farantin yana tafiya ne daidai da yawan iskar da ke cikin tanki, saboda haka tsawon rayuwar famfon ya dogara ga matsin da aka bar shi yana aiki a kai. Masu ƙerawa sukan ce famfo na gama-gari yana yin awa 40,000 zuwa 50,000 a matsin 10⁻⁶ milibar, wato shekara huɗu da rabi zuwa biyar da ɗoriya. Idan matsin ya ninka sau goma, abin ya koma wata shida zuwa bakwai, idan ya sake ninkawa sau goma kuma ya koma kusan mako uku. Amma a 10⁻⁹ lissafin ya wuce rayuwar na'urar da aka ɗaura masa, har da ta wanda ya saye ta. Famfo ɗaya ne, a wani ɗakin gwaji zai yi shekara ashirin ba a taɓa shi ba, a wani kuma ya mutu kafin ɗalibin da ke amfani da shi ya kammala rubuta kundinsa, kuma ba ingancinsa ne ya canza ba.

Turbo ya zo shekara guda bayan haka, a 1958, daga Willi Becker na kamfanin Pfeiffer a Jamus, kodayake tunanin bugun ƙwayoyin iska da fuska mai gudu ya faro ne tun daga Wolfgang Gaede a 1913. Shi fanka ne mai hawa-hawa: layin fukafukai masu juyawa, sai layin da ke tsaye, sai wani mai juyawa, haka har ƙasa. Ƙananansa suna juyawa har sau 90,000 a minti, manyan kuma ƙasa da haka, domin bakin fukafukan ya yi gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa, kusa da gudun ƙwayar naitirojin, wadda ke yin kusan mita 470 a daƙiƙa a zafin ɗaki. Ƙwayar da ta shigo sai fiffike ya mare ta zuwa ƙasa, na gaba ya ƙara mata, har ta fita ta ƙofar baya, inda wani famfon na daban mai tallafa masa yake karɓa ya zubar a waje. Idan aka kunna shi ana jin wani siririn kuka yana hawa na 'yan mintoci, sannan ya daidaita. Tun da ba ya ajiye komai a cikinsa, ba ya cika, kuma bai damu ba ko iskar tana haɗuwa da wasu sinadarai ko ba ta haɗuwa.

Wannan batu na ƙarshe ya kawo mu ga babbar tawayar famfon ayon, wato iskokin agon da hiliyam da danginsu, waɗanda ba sa haɗuwa da titaniyam ko kaɗan. Hanya ɗaya ce ta riƙe su, binnewa. Matsalar ita ce a famfo na gama-gari ana binne su ne a wurin da ake ci gaba da haƙawa, don haka agon ɗin da aka binne jiya bugun yau zai tono shi. Abin da mai aiki ke gani shi ne matsi yana zaune lafiya, sai ya yi tsalle sau goma ko ɗari, ya sauka, bayan wani lokaci ya sake, kuma idan bai san dalilin ba zai kwana yana neman hudar da babu ita. Iskar duniya tana ɗauke da agon kashi 0.93 cikin ɗari, saboda haka ko ƙaramin yoyo ne a tanki, da daɗewa zai tara abin da zai jawo wannan. An yi wa matsalar gyara iri biyu. Na farko shi ne a sauya faranti ɗaya da na tantalam, wanda nauyin ƙwayarsa 181 ne a kan 48 na titaniyam, ta yadda agon zai buge shi ya yi tsalle da ƙarfinsa ya je ya nutse a bangon da ake lulluɓewa ba wanda ake haƙawa ba. Na biyu shi ne samfurin da ake yi wa farantin raga-raga domin ayon ya shafe shi a kaikaice. Da waɗannan gyare-gyare saurin jan agon yakan tashi daga 'yan kashi kaɗan na saurin jan naitirojin zuwa kusan kashi 20 ko sama da haka, a madadin ɗan ragi a saurin jan sauran iskoki. Gyara ne mai amfani ga tankin da agon ke shiga jefi-jefi. Wanda aikinsa shi ne zuba agon da gangan duk rana, kamar masu shafa siririn rufin ƙarfe a kan gilashi ko silikon, bai kamata ma ya tsaya tunani ba, turbo ne nasa.

Shi ma turbo yana da tasa tawayar, kuma a daidai inda famfon ayon ya fi ƙarfi take. Ƙwayar haidurojin tana gudun kusan mita 1,800 a daƙiƙa, ta fi fukafukan sauri nesa ba kusa ba, don haka wani kaso nata yana samun hanyar komawa baya. Ga naitirojin, turbo yana iya riƙe bambancin matsi na sau miliyan ɗari ko fiye tsakanin bakinsa da bayansa, amma ga haidurojin bambancin yakan tsaya a dubbai ko dubban ɗaruruwa. A tankin da ake buɗewa kullum wannan ba ya damun kowa, domin tururin ruwan da ya manne a bango shi ne ya fi yawa. Sai an gasa tankin sannan labari ya canza. Ana naɗe shi da igiyoyin dumama, a lulluɓe da takardar alminiyam, a riƙe shi a zafin digiri 150 zuwa 250 na kwana ɗaya ko biyu har ruwan ya fita, kuma bayan ya huce kusan duk abin da ya rage haidurojin ne da ke tsattsafowa daga cikin ƙarfen kansa. A wannan mataki famfon ayon, musamman idan aka haɗa shi da na'urar fesa sabon titaniyam ko da ƙarfen nan mai shan iska da ake kira NEG, yana kaiwa 10⁻¹¹ milibar cikin natsuwa.

Ko manyan cibiyoyin da kuɗi ba ya yi musu wuya ba su tsaya a kan famfo ɗaya ba. A CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, sassan zoben LHC, injin hanzarta ƙwayoyi mai tsawon kilomita 27, waɗanda ke zaune a zafin ɗaki an shafe cikinsu da rufin titaniyam da zakoniyam da banadiyam, wanda aka ƙirƙira a can a shekarun 1990, amma tun da rufin ba ya kama iskar misen (methane) da su agon, ɗaruruwan famfunan ayon ne ke kwashe waɗannan. A LIGO ta Amurka, cibiyar auna girgizar sararin samaniya, inda hannuwa biyu masu tsawon kilomita huɗu-huɗu ke auna motsin da bai kai faɗin furoton, ɗan ƙwayar da ke tsakiyar zarra, ba, an yi amfani da famfuna masu juyawa wajen kwashe iskar farko, sannan aka bar wa famfunan ayon da tarkon sanyi, wanda ke daskarar da iska a jikinsa, aikin riƙewa, domin ko ɗan karkarwa ɓarna ce a wurin. Haka ma na'urar hangen ƙananan abubuwa ta ilektoron mai kaifin gani: ɗakin da ake sa samfur, wanda ake buɗewa sau da yawa a rana, turbo ne ke kula da shi, amma bindigar ilektoron da ke sama, wadda ba a buɗewa, ƙananan famfunan ayon ne ke tsaron ta. Injin gashin ciwon daji na asibiti shi ma yana da famfon ayon a jikin bututun da ke hanzarta ilektoron, yana aiki shiru shekara da shekaru.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa ɗaga murya a kansa: famfon ayon ba ya tashi daga matsin iskar waje, ba ya ma tashi daga matsin da ƙaramin famfo na gama-gari ke kaiwa ba tare da wahala ba. Yana buƙatar a sauke masa tanki zuwa 10⁻⁴ milibar aƙalla, kuma 10⁻⁵ ko 10⁻⁶ ya fi masa lafiya. Idan aka matsa masa a matsi mai yawa, wutar da yake ja takan yi yawa, ƙarfin bolt ɗin ya faɗi, jikinsa ya yi zafi, zafin kuma ya sa ya amayo iskar da ya haɗiye a baya, matsin ya ƙara hawa maimakon ya sauka. Ma'ana, wanda ya sayi famfon ayon dole ya mallaki turbo ko ya san inda zai aro shi, ko da a kan keken turawa ne da za a riƙa kaiwa daga na'ura zuwa na'ura, a kuma sa bawul na ƙarfe zalla a tsakani domin a rufe bayan an gama. Neman huda da hiliyam ma turbo yake so. Duk kasafin kuɗin da aka rubuta famfon ayon shi kaɗai a ciki, kasafi ne da bai cika ba.

Sannan ga nauyi. Famfon ayon mai jan lita 300 a daƙiƙa yana kusan kilo 70 saboda maganaɗisunsa, alhali turbo mai irin wannan sauri bai kai kilo 10 ba. Maganaɗisun yana iya karkatar da ilektoron marasa ƙarfi idan an kafa famfon kusa da wurin awo, wutar bolt 7,000 kuma tana kisa, don haka wayar da ke kai ta da wadda ke haɗa jikin famfon da ƙasa ba abin wasa ba ne. A ɗaya ɓangaren, wutar da famfon ke ja tana nuna matsin da ke ciki, sai ya zama ma'auni kyauta, kodayake a matsi mafi ƙanƙanta ɓawon titaniyam da ya tsiro a ciki yakan sa wuta ta ɗan zurare, lambar ta yi ƙarya.

Ga ɗakunan gwaji na jami'o'inmu a Zariya ko Kano ko Yamai, batun da na fi ba wa nauyi shi ne abin da ke faruwa idan aka ɗauke wuta, domin abu ne da zai faru, ba zato ba. Famfon ayon rufaffen akwati ne da ba shi da ƙofa zuwa waje. Idan wuta ta tafi, ya daina ja kawai, matsin ya riƙa hawa a hankali gwargwadon abin da bango ke fitarwa, kuma a tankin da aka gasa sosai sau da yawa ana iya sake kunna shi bayan awoyi ba tare da an nemi turbo ba. Bugu da ƙari, a matsi mai zurfi wutar da famfon kansa ke ci ba ta taka kara ta karya ba, batir da ƙaramar inbata sun isa su riƙe na'urar sarrafa shi har janareta ya tashi. Turbo kuwa hanya ce a buɗe daga tanki zuwa famfon tallafi. Idan ya tsaya ba tare da bawul mai rufe kansa ba, iska za ta komo, idan kuma famfon tallafin mai amfani da mai ne, tururin man na iya hawowa ya ɓata abin da aka yi makonni ana tsabtacewa. Tsayawa da tashi akai-akai suna cinye boris, kuma iskar da ta faɗo masa kwatsam yana tsaka da gudu, ko ɗan guntun gilashi da ya faɗa ciki, na iya mayar da fukafukan tarkace cikin ƙiftawar ido. Zafin bazara ma yana takura wa turbo mai sanyaya da iska, tun da galibinsu an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba. Gyaransa kuma yawanci sai an tura shi ƙasar waje.

Duk da haka, idan aka ce kuɗin famfo ɗaya ne kawai a hannu, turbo zan ba da shawara ga mafi yawan ɗakunan gwaji, a haɗa shi da famfon tallafi mara mai, da bawul mai rufe kansa idan wuta ta yanke, da raga a bakinsa, da batir mai riƙe shi na mintocin da za a kashe shi bisa ƙa'ida. Dalilina shi ne yawancin aikin koyarwa da na binciken sinadarai aiki ne na buɗewa da rufewa: a sa samfur da safe, a ciro da rana, a sa wani. Na'urorin tantance nauyin ƙwayoyi da ake haɗawa da hiliyam ko agon suna kwarara iska ba tsayawa, shi ya sa masu ƙera su ba sa ɗora su a kan famfon ayon. Tsohon famfon tururin mai, wanda ya samo asali daga famfon tururin zaiba na Gaede da Langmuir na shekarun 1915 da 1916, har yanzu yana da araha da juriya ga wanda tururin mai ba zai ɓata wa aiki ba, famfon sanyi kuma, wanda ke daskarar da iska a jikinsa, ya fi kowa saurin jan tururin ruwa, amma yana sakin duk abin da ya kama da zarar ya ɗumama, wanda hakan ya sa bai dace da wurin da wuta ba ta da tabbas ba.

Famfon ayon na wanda zai iya cewa e ga abu uku ne a lokaci guda: tankinsa na ƙarfe ne zalla mai gaskit ɗin jan ƙarfe wanda za a iya gasawa, ba za a buɗe shi ba sai bayan watanni, kuma aikin yana bukatar matsin da ya gaza 10⁻⁸ milibar ko rashin karkarwa gaba ɗaya. Idan samfur zai riƙa shiga da fita amma ana son zurfin matsin, mafita ita ce a gina ɗan ƙaramin zaure a gefen babban tanki, turbo ya kwashe zauren, sannan a buɗe bawul a tura samfurin ciki, babban tankin kuma ya ci gaba da zama a hannun famfon ayon. Wajen zaɓen irin famfon ayon, in dai akwai yiwuwar agon ko hiliyam su shiga ko da sau ɗaya a mako, a ɗauki mai farantin tantalam ko mai raga, a kuma tambayi mai sayarwa tun kafin a biya kuɗi ko ana iya ciro faranti da bututun a sauya su ba tare da an sayi sabon famfo da maganaɗisunsa ba.